Azumin da Na Zama Waya

Azumin bana ya zo da sauƙi, har kunyar karɓar ladansa nake ji. Da asuba sai na ja mayafi, ruwan randa kuma yana nan da sanyinsa har magariba. Jiya Umma ta aike ni sayen ƙanƙara, mai ƙanƙarar ne ma yake roƙona in ƙara ɗaya. Na tsaya ina kallonsa, don na san shi sarai. Shi ne wanda shekara uku baya yake zaune a kan kularsa kamar gwamna, mu muna layi muna yi masa barka da shan ruwa tun rana tana tsaka. Ina hanyar gida ƙanƙarar tana ɗiga a kan silifas ɗina, sai wancan azumin ya dawo mini, azumin da Yaya Nura ya bar aikin banki, ni kuma na zama waya.

Zafin shekarar nan, in na faɗa za a ce na ƙara gishiri. To na ƙara, amma kaɗan. Gidanmu a Fagge yake, rufin kwano, kuma daga hantsi ɗakin Umma yake komawa tanda. Da idona na ga ƙadangare a kan katanga yana ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai taka garwashi. Fanka ta daɗe ba ta juya ba har gizo-gizo ya yi aure a jikinta ya hayayyafa. In an kawo wuta unguwa ta ɗauki ihu, kafin ka lalubo caja an ɗauke. Ga shi shekarar ce aka canza kuɗi, takardar naira ta yi ɓatan dabo. Kana da kuɗi a banki, ba ka da na tattasai. Mai markaɗe ya ce ba ya karɓar tiransifa, mai ruwan garuwa ya ce shi ko wayar ba shi da ita.

A irin wannan lokaci ne yayana ya ga ya dace ya ajiye aiki.

Mu biyu ne a wurin iyayenmu, shi babba, ni auta, tsakaninmu shekaru masu yawa. Yana zaune a kantar banki ne, cikin sanyin na'ura, da taye a wuya. Baba, wanda yake sayar da atamfa da shadda a kasuwar Kwari, ba ya gajiya da faɗa wa abokan cinikinsa cewa ɗansa ma'aikacin banki ne. Ashe Yaya ya fi shekara yana wani karatu a kwamfuta. Ana saura kwanaki a ga wata ya dawo gida da tayen a aljihu, ya durƙusa ya faɗa.

Baba ya ce, “Wane aikin ka samu?”

“Ban samu ba tukuna, Baba. Koya nake. Tsara manhajar waya ne, yadda mutum zai shiga ya yi abin da ya kawo shi ya fita bai ɓata ba.”

“Kai za ka ƙera wayar?”

“A'a. Ni zan ce ga inda za a sa wannan maɓallin, ga abin da za a rubuta a kansa.”

Baba ya juya wajen Umma. “Kin ji. Ya bar banki zai koma nuna wa mutane inda za su dangwala yatsa.”

Na ƙunshe dariya har cikina ya ƙulle. Yaya bai yi dariya ba. Ya ce kullum yana kallon tsofaffi a gaban kantarsa, kuɗinsu na cikin waya, sun kasa taɓa shi. Wata tsohuwa ta miƙo masa wayarta da lambar sirrinta a rubuce a tafin hannu, tana ba shi haƙuri wai ita jahila ce. Ya ce ba jahila ba ce, wanda ya zana abin ne bai taɓa zama kusa da irinta ba.

Nan take Baba ya yanke hukunci. Manajan bankin abokinsa ne, ya ce za a iya riƙe kujerar zuwa bayan Sallah. Yaya kuma yana zana wata manhaja ta 'yan kasuwa, wadda zai nuna wa wani kamfani a Legas da ya ce a kawo aiki a gani. Baba ya ce, “Lahadin ƙarshe kafin Sallah za ka ajiye mini abin nan. In na bi shi daga farko har ƙarshe ni kaɗai, ba wanda ya ce mini uffan, na sake ka. In na maƙale, ka nemo tayenka.”

Haka azumi ya kama mu.

Tsarin gidan bai canza ba don wani ya bar aiki. Umma ta tashe mu sahur, mu tura ɗumamen tuwo ido a rufe, ni in ɗura ruwa har in ji yana kaɗawa in na juya. Da hantsi in surfa wake, in wanke, in kai markaɗe. Da yake ba takardar kuɗi, Umma ta ƙulla yarjejeniya da matar mai injin: a markaɗa mana, mu aika musu da ƙosai. Da azahar gida ya mutu. Kowa ya nemi siminti ya manne da shi, Umma ta jiƙa zani ta lulluɓa, kafin ta gama salati ya bushe. Leɓena ya tsage, yawuna ya zama kamar ƙullun koko. Bayan la'asar a hura gawayi, a dama kunun tsamiya, ƙamshin mai ya tashi, cikina ya fara kiran sunana da ƙarfi.

Shi kuwa Yaya yana zaure da kwalaye. Batirin kwamfutarsa ba ya kai ko'ina, don haka ya roƙi kwalayen da ake naɗe shadda a kansu, ya yayyanka su daidai tafin hannu biyu. Kowane kwali fuskar waya ɗaya ce, ya zana akwatuna da rubutu da alƙalami mai kauri. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa yana ɓata tawada, ya sake wani.

Ran nan ya kira ni. “Auta, zo ki zama waya.”

Aikin shi ne in zauna da tarin kwalayen a cinyata. In ajiye na farko a gaban mutum. In ya dangwala wani akwati, in ɗauke in ajiye kwalin da zai fito da a ce wayar gaske ce. In ya dangwala inda babu komai, kada in motsa.

Ya ce, “Dokoki ne da ke. Waya ba ta magana. Waya ba ta dariya. Waya ba ta nuni da baki.”

Na ce, “To waya tana cin ƙosai?”

“In ta yi aiki.”

Shi ma yana da tasa dokar. Ba ya taimakon mai gwaji ko da zai kwana a wurin. Iyakarsa ya zauna gefe ya zuba ido, in abin ya yi tsawo ya ce, “Me kake gani yanzu?” Kuma kullum sai ya maimaita mini cewa in mutum ya ɓata, laifin zanen ne, a koma a gyara.

Umma muka fara gwadawa. Ita ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce “yayanki”. Ta goge hannu a zani, ta dangwala kwali, ta bar masa tambarin manja. Ta ce, “Ki gaya wa yayanki wayarsa tana wari kamar ba ta yi wanka ba.” Na ce waya ba ta magana, amma tana da zuciya.

Ranakun Asabar muna tafiya Sabon Gari. A ƙafa, don ɗan adaidaita ma takarda yake so. Akwai abokin Yaya, Uche, mai gyaran waya, yana da ƙaramin janareto, a nan ake cajin kwamfuta. A Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa lanƙwasa. Da ya hango mu sai ya tura kwanon abincinsa ƙarƙashin benci, ya goge baki.

“Ka ci abinka mana,” in ji Yaya.

“Haba Malam, in ci a gaban Hajiya Waya? Dubi idonta. Wannan in na juya baya har cokalin za ta haɗiye.”

Uche ne yake tara mana masu gwaji: mai sayar da taya, mai kayan miya, da mahaifiyarsa, Mama Uche, mai shagon kayan masarufi. Ita in za ta dangwala, dangwala take kamar tana kashe kunama, har cinyata nake ji. Ta kai kwalin ƙarshe, inda ake tura kuɗi, ta tsaya tana dube-dube. Maɓallin “Aika” yana can ƙasa a kusurwar dama, ɗan ƙarami. Ta nema ta rasa. Ni kuwa bakina ya fara tsawo da kansa yana nufar kusurwar, Yaya ya harare ni, na mayar da shi.

Ta ce, “Nura, ka ɓoye shi kamar kuɗin cefane. Ni zan tafi, ina da kasuwa.”

Mai taya ma a nan ya maƙale. Yaya ya dawo gida yana murna kamar an ba shi kyauta, wai ya gano ciwon.

Baba kuwa, abin mamaki, ya fi kowa. Yana dawowa kasuwa bayan la'asar, ya zauna a tabarma a inuwar katanga, ya ce, “Ina wayar nan mai baki? A kawo ta.” Ranar farko ya daɗe. Ya ɗaga kowane kwali ya kai shi gefen fuskarsa, ya karkata kai kamar zakara yana kallon shaho, ya sa Yaya ya karanta masa wai rubutun ne kamar tafiyar kaza. Rana ta biyu ya ɗan yi sauri. Kafin azumi ya raba tsakiya, Baba yana bin kwalayen nan kamar yana jan carbi, tap, tap, tap, ko kallonsu ba ya yi sosai. Hannuna har gajiya yake wajen canzawa.

Na ce wa Yaya, “Ka ci. Ka fara koyon Yarbanci.”

A cikin watan nan na yi wa Baba tsiya iri-iri, don ni kaɗai ce nake yi masa ya yi dariya. Ya zuba kunu ya sauka a gefen kofi, na ce azumi ya kama Alhaji. Ya fita da hula ruwan goro a kan shuɗiyar shadda, mutumin da yake zaɓa wa amare kala, na ce sabon yayi ne daga Dubai. Ya ajiye babur ɗinsa ya ce mai ya yi tsada. Duk na yi dariya. Umma ce kawai ba ta taya ni.

Lahadin ta zo. Tun safe garin ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi, sama ta yi fari fat. Hadari ya ɗan taru ta gabas ya tsaya yana yi mana gwalo, bai zubar da ko ɗigo ba. Yaya ya yi wanka ya sa farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya sake zana kwalin ƙarshe saboda abin da ya gani a Sabon Gari. Ya ɗauke “Aika” daga kusurwa ya kawo shi tsakiya, ya yi shi ƙato kamar ƙosan Umma, ya shafe shi da kore. Kusurwar ta zama fari, ba komai.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma. Haske ko'ina. Umma tana bakin murhu, mai ya fara ƙara.

Yaya ya ce, “Baba, ka sayi dilar atamfa a wurin mai kawo maka kaya. Ka duba ko kuɗin ciniki sun shigo, sannan ka tura masa nasa.”

Baba ya gyara zama ya yi bismilla. Tap. Na canza. Tap. Na canza. Yana yi yana murmushi, har da cewa wayar yau ta yi ladabi. Na ajiye na ƙarshe.

Ya kai yatsa kusurwar dama, ƙasa, ya dangwala farin kwali.

Ban motsa ba. Na ɗauka wasa yake, na danne dariya.

Ya sake dangwalawa, a daidai wurin. Koren nan yana tsakiya, tsakaninsa da yatsansa bai kai taƙi ba, ko daga bakin zaure za ka hango shi.

“Auta, wayar taki ta mutu ne?”

Na dubi Yaya. Murmushinsa yana nan a fuskarsa amma kamar an manta shi a wurin. Baba ya dangwala na uku, da ƙarfi, har kwalin ya lotsa. Dariyar da nake dannewa ta bi wata hanya ta tafi.

Yaya ya yi tambayarsa ta kullum, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Baba, me kake gani yanzu?”

“Maɓallin aikawa mana. Ga shi nan.” Yatsansa yana kan fari.

Sai na ji ƙarar mai ta canza. Umma ta sauke kaskon daga wuta, ta tsaya da matsami a hannu, bayanta gare mu. Ana jin yara a waje suna rigima a kan layin ƙanƙara.

Baba ya janye hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa.

“Ka matsar da shi ko?”

“Na matsar, Baba.”

“Ina ka kai shi?”

Yaya, wanda bai taɓa taimakon mai gwaji ba ko da Mama Uche ta yi barazanar tafiya, ya matso ya kama yatsan Baba ya ɗora a tsakiya. Baba ya shafa wurin da babban yatsa kamar yadda yake shafa shadda in yana son sanin ta gaske ce.

“Wace kala ka sa?”

“Kore.”

“Ya yi. Kore yana da kyau a kan fari.”

Daga nan ya faɗa, ba tare da ya ɗaga kai ba. Tun damina abin ya fara. Tsakiyar duk abin da ya kalla sai ya zama kamar an shafa toka, gefe-gefe kawai yake gani. Likita ya ce sugan ne ya taɓa idon, za a yi ƙoƙarin tsayar da shi, amma abin da ya tafi ya tafi. Umma kaɗai ta sani. A shago da hannu yake gane kaya, kala kuwa ya haddace inda ya jera kowace. Kwalayen Yaya ma haddace su ya yi, tun ranar da aka karanta masa.

Ya ce, “Na so in bi maka shi har ƙarshe, ka tafi abinka ba ka sani ba.”

Yaya ya ce, “Zan gyara, Baba. Zan sa ta riƙa magana, ta karanta maka. Akwai yadda ake yi, wallahi akwai.”

“Na sani. Ka gyara wa mutane. Mutumin da ya gano da kwali abin da na ɓoye wa 'yan kasuwar Kwari kaf, ya iya aikinsa. Ba ka komawa banki. Na sake ka.”

Aka kira salla. Ranar ce kaɗai a watan da ban yi wawar ƙanƙara ba. Ta narke a kwano, ƙosai ya huce, kunu ya yi fata. Baba ne kawai ya ci, yana cewa mu ci mana, wa ya mutu?

Na yi zaton an gama. Yaya ya ci nasara, Baba ya yarda, saura jaka da mota. Har na fara lissafa tsarabar da zai riƙa kawo mini. Mutanen Legas suka ga aikin, suka kira bayan Sallah. Ina bayan ƙofar zaure, don ni duk maganar da ba a so in ji ita nake ji. Ya yi ta godiya da Turanci, ya ce ba yanzu ba. Suka yi magana mai tsawo. Ya sake cewa ba yanzu ba.

Washegari da safe ya fito da kaftani, ya ɗauki makullan shago daga ƙusar da Baba yake rataye su.

Baba ya ce, “Ina za ka da su?”

“Kasuwa.”

“Ni na ce ka tafi Legas.”

“Na ji, Baba. Bari mu buɗe shago tukuna.”

Na yi fushi da shi har na daina gaishe shi. Na ce masa ya sa na gasu a hanyar Sabon Gari a banza, ya sa Mama Uche ta farfasa mini cinya a banza. Na ce ai sai a ɗauki wani ya zauna a shagon. Ya ce wani zai zauna a shago, amma wa zai gaya wa Baba an ba shi jabun kaya bai ji kunya ba? Na ce to ya yi aikin daga gida mana, ai ana yi. Ya ce zai yi, in an tashi kasuwa. Ya yi na 'yan watanni. Yana dawowa a gajiye, ya buɗe kwamfutar, barci ya kwashe shi a kanta. Yanzu ni nake amfani da ita, ina karatun jarrabawa. Uche yana tambayarsa duk sanda suka haɗu, shi kuma ya ce ana nan ana shiri.

Bana akwai wuta fiye da da, akwai takardar kuɗi, mai markaɗe ma ya manna lambar asusunsa a jikin inji. Yaya ya iya kasuwa, ya yi ƙiba kaɗan, yana kiran mata “Hajjaju” yana buɗe musu atamfa da hannu ɗaya. Idon Baba ya ƙara ja baya. Yana zuwa shago kullum, ya zauna a kujerarsa, ya shafa kaya ya faɗi sunansu, ba ya kuskure.

Yau da safe ina shara a ƙofar gida suka fito. Hannun Baba yana kan kafaɗar Yaya, suna tafiya a hankali cikin lungu, Baba yana faɗa kamar yadda yake yi duk azumi.

“Bayan Sallar nan za ka tafi. Ka ji ni ko? Ka kira mutanen nan.”

“To, Baba.”

“Kullum to, kullum to. Ni ba yaro ba ne. Na ce na sake ka.”

“Na ji, Baba. Ga kwata, ɗaga ƙafa.”

Baba ya ɗaga ƙafa.